Taura biyu da gadar Padma

Sati uku ke nan wata wasiƙa tana kan teburina. Na danne ta da guntun kankaren da ɗalibai suka fasa a ɗakin gwaji, kullum in na shigo da safe sai mu haɗa ido da ita. Ana so in karɓi shugabancin tsangayarmu ta aikin injiniya. Abokan aiki sun fara yi mini barka tun ban buɗe baki ba, ni kuwa cikina ya ɗuri ruwa. Shekara 22 ina koyar da lissafin ƙarfin gine-gine, kuma a tsawon wannan lokaci na ga abin da kujera ta yi wa mutanen da suka fi ni kaifin kai. Mutum zai shiga ofis da kaushin siminti a tafin hannunsa, bayan shekara huɗu ya fito bai san wa ke riƙe da mabuɗin ɗakin gwaji ba. Taro, sa hannu, rabon ofisoshi, rikicin jadawalin jarrabawa, su ne za su cinye shi ɗanye.

Na kira tsohon malamina, wanda ya duba aikina na digiri na biyu, ya kuma daɗe da yin ritaya. Na karanta masa wasiƙar. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ɗana, taura biyu ba ta taunuwa. Zaɓi ɗaya." Na ce, "Ranka ya daɗe, to mutumin jadawalin nan fa?" Ya yi dariya, don ya gane wanda nake nufi. Shi da kansa ya fara miƙa mini takardar.

Mutumin jadawalin shi ne Farfesa Jamilur Reza Choudhury na ƙasar Bangladesh, kuma labarinsa nake so in ba ku yau, don tun da wasiƙar nan ta iso shi nake ta juyawa a raina.

Na fara cin karo da sunansa ne a ƙasan wasu layuka masu lanƙwasa, a wata takarda da aka yi ta kwafa har baƙin ya dusashe. Sunaye biyu ne, Coull da Choudhury, da shekarar 1967. Ban damu da sanin ko su waye ba a lokacin. Abin da ya dame ni shi ne in gama lissafina kafin wa'adi, kuma layukan nan sun cece ni daga aikin kwanaki.

Bari in ɗan yi bayanin abin da takardar ta ƙunsa, domin a nan mutumin ya fara. Dogon bene a gaban iska kamar mutum ne a tsaye cikin kogi, ruwa na tura shi ta gefe. Nauyin da ke dannawa ƙasa ba shi ne babbar matsala ba, turin gefen nan shi ne ke sa bene ya yi layi. Don haka ake gina bangayen kankare masu rodi tun daga harsashi har ƙololuwa, su tokare ginin. To amma bango sai da ƙofa da taga, kuma ƙofofin sukan jeru ne ɗaya bisa ɗaya a kowane hawa. Sai bangon ya rabu biyu, abin da ya haɗa su kawai 'yan gajerun azarun kankare ne a saman kowace ƙofa. Tambayar ita ce, bango ɗaya ne wannan ko biyu? In azarun ba su da ƙwari, kowane ɓangare zai lanƙwasa shi kaɗai, kamar katako biyu da aka jingina ba a buga musu ƙusa ba. In suna da ƙwari, ɓangarorin za su yi aiki tamkar bango guda mai faɗi, kuma ƙarfinsu ya ninka sau da yawa. Gaskiyar magana tana tsakani, kuma gano inda take a bene mai hawa 20 da fensir da rular lissafi aiki ne mai sa furfura. Wasu masana kafin su sun kawo dabarar ɗaukar azarun nan gaba ɗaya a matsayin shimfiɗa guda da ta tashi daga ƙasa zuwa sama, yadda lissafi ɗaya zai wadatar. Abin da Alexander Coull da ɗalibinsa suka yi shi ne mayar da wannan lissafi zuwa zane-zanen da injiniya zai ɗora yatsa a kai ya karanta amsa. Yau kwamfuta na yin wannan kafin ka ƙifta ido, amma har gobe ina sa ɗalibaina su gwada da hannu, saboda wanda bai san amsar da yake tsammani ba, duk ƙaryar da kwamfuta ta yi masa zai karɓa.

Ɗalibin nan ɗan garin Sylhet ne, mahaifinsa ma injiniyan gine-gine ne. Ya gama digirinsa na farko a Dhaka a 1963, a jami'ar aikin injiniya da yanzu ake kira BUET, lokacin ƙasar tana Gabashin Pakistan. Nan take aka ɗauke shi koyarwa, ya tafi Jami'ar Southampton a Ingila, ya yi digiri na biyu, ya kammala na uku a 1968. Saurayi ne da bai kai shekara 30 ba, sunansa ya riga ya shiga bakin masu zana dogayen benaye, a daidai lokacin da biranen Turai da Amurka ke rige-rigen yin sama. Sai ya tattara ya koma Dhaka, garin da a wancan zamani dogayen benayensa ba su taka kara sun karya ba.

Akwai wani ɗan ƙasarsu da ya bi ɗaya hanyar, kuma ba zan taɓa cewa ya yi kuskure ba. Fazlur Rahman Khan, wanda shi ma a wannan makaranta ta Dhaka ya yi karatu, ya zauna a Shikago, ya zama injiniyan benen John Hancock da na Sears, wanda ya riƙe kambun tsawo a duniya sama da shekara 20. Duk wanda ya taɓa sauka a filin jirgin alhazai na Jidda ya zauna a inuwar aikinsa, domin yana cikin waɗanda suka tsara manyan rumfunan nan masu kama da tantuna. A Jiddan ma ya rasu a 1982. Ina ambatonsa ne don a ga cewa ƙofa a buɗe take ga irinsu. Khan ya ba duniya benaye. Choudhury ya koma inda ƙasa ba ta da dutse, ruwa kuma ba ya jin magana.

Shekara biyu da komawarsa, a Nuwamban 1970, guguwar teku ta Bhola ta kashe aƙalla mutum 300,000 a dare guda. Shekara ta gaba yaƙin neman 'yanci ya ɓarke, aka kashe malaman jami'a da likitoci da 'yan jarida da gangan, har zuwa kwanakin ƙarshe na yaƙin a Disamban 1971. A irin wannan ƙasa ya yi aikinsa na koyarwa. Ya zama farfesa a 1976, ya riƙe sashe, ya riƙe tsangaya, ya kuma shugabanci cibiyar kwamfuta ta jami'ar na tsawon shekara 10. Wannan na ƙarshen ya ba ni mamaki da farko, sai na tuna cewa masu lissafin gine-gine suna cikin waɗanda suka fara buƙatar kwamfuta a ko'ina. A 1997 ya jagoranci kwamitin da ya ba gwamnati shawara kan yadda ƙasar za ta shiga kasuwar manhajoji, kuma a shekara ta gaba aka janye harajin shigo da kwamfuta.

Amma aikinsa da ya fi taɓa zuciyata ba gada ba ne, ba kuma bene ba ne. A ƙarshen Afrilun 1991 wata guguwar ta sake afka wa gaɓar tekun wajen Chittagong, ta kashe kimanin mutum 138,000. Ba iskar ce ta fi kisa ba. Ruwan teku ne da guguwa ke turowa gabanta, tsayinsa ya kai mita shida a wasu wurare, a ƙasar da take shimfiɗe kamar faifai. Ina mutum zai gudu? Babu tudu, babu dutse. Bayan wannan masifa aka ɗora wa Choudhury jagorancin tawagar da ta tsara babban shirin gina mafaka a duk faɗin gaɓar.

A ido ginin ba wani abin kallo ba ne: bene mai hawa biyu ko uku a kan dogayen ginshiƙan kankare, ƙasansa fayau don ruwa ya wuce ta ƙarƙashi ba tare da ya sami abin turewa ba. Ɗalibin aji huɗu zai iya lissafa rodinsa. Wahalar tana wani wuri dabam. Ginin da ba a shiga sai sau ɗaya a shekaru, kafin ranar buƙata ƙofofinsa sun ruɓe, matakalarsa ta tsage, an manta wa ke da mabuɗi. Saboda haka aka tsara mafakar ta zama makarantar firamare ko ɗakin shan magani a sauran kwanaki, yara na shiga kullum, iyaye sun san hanya ko da tsakar dare ne. Sannan nisa: mace mai goyo da tsoho mai sanda ba za su yi tafiya mai tsawo cikin iska da duhu ba, dole mafaka ta kasance kusa. Sai kuma dabbobi. Manomi da yawa sun ƙi barin gida ne saboda saniyarsu, domin in ta tafi rayuwarsu ta tafi. Aka haɗa da tudun ƙasa da ake tarawa, wanda suke kira killa, inda za a ɗaure shanu da awaki. Duk lokacin da na zo wannan wuri a aji nakan dakata, in ce wa ɗalibai su duba da kyau. Wanda ya zana wannan ya zauna ya saurari dalilin da ya sa mutane suka gwammace su mutu a gida.

Ba shi kaɗai ya yi ba, kuma ba gini kaɗai ya yi aikin ba. Akwai hasashen yanayi da ya inganta, akwai dubban 'yan sa-kai masu yawo da lasifika a kan keke suna shela. Amma sakamakon ya fito fili. Guguwar Sidr ta 2007 ƙarfinta bai gaza ta 1991 da yawa ba, waɗanda hukuma ta ƙirga sun rasu kuwa dubu uku da 'yan ɗaruruwa ne. A guguwar Amphan ta Mayun 2020 an kwashe sama da mutum miliyan 2, mamatan Bangladesh kuma ba su kai ɗari ba. Babu wanda zai iya nuna maka fuskokin waɗanda suka tsira, don su kansu ba su san an cece su ba. Sun dai kwana a aji, gari ya waye, sun koma gida.

A 1993 ƙasar ta sami kundin ƙa'idojin gini na kanta, da hannunsa a ciki. Sai dai ƙa'ida a takarda daban, bin ta daban. Ranar 24 ga Afrilun 2013 benen Rana Plaza ya rufta a Savar, kusa da Dhaka, mutum 1,134 suka mutu, yawancinsu mata masu ɗinkin tufafi. An ƙara wa benen hawa ba bisa izini ba, an ɗora manyan janareto a sama, an kuma ga tsagewa a jikinsa kwana ɗaya kafin nan, amma aka ce ma'aikata su koma ciki. Na kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka ina ba da labarin ƙasar da injiniya ɗaya ya gyara. Ba haka ba ne. Akwai iyakar inda hannun masani yake kaiwa.

Yanzu ga maganar kujera, wadda ita ce ta hana ni barci. A 1996, lokacin da rikicin siyasa ya sa aka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya ƙarƙashin tsohon alƙalin alƙalai Muhammad Habibur Rahman, an kira Choudhury ya riƙe ma'aikatun makamashi da albarkatun ruwa. Wata uku ba su cika ba aka yi zaɓe, ya miƙa, ya koma makaranta. Sau nawa muka ga wanda ya ɗanɗana irin wannan ya iya komawa gaban allo? A 2001 kuma ya bar BUET ya zama shugaban farko na Jami'ar BRAC, wadda ƙungiyar agaji ta BRAC, ta Fazle Hasan Abed, ta kafa. Jami'o'i masu zaman kansu sabon abu ne a ƙasar, dokar da ta halatta su ta 1992 ce, kuma mutane na yi musu kallon shagunan sayar da takardar shaida. Ya riƙe ta har 2010. A zamaninsa aka buɗe makarantar kiwon lafiyar al'umma ta James P. Grant a 2004, kuma jami'ar ta kafa al'adar kai ɗalibai su yi zango guda a harabarta ta Savar, nesa da cunkoson Dhaka, su zauna tare. Daga 2012 har ƙarshen rayuwarsa shi ne shugaban Jami'ar Asia Pacific.

Shekara kusan 17 ke nan a kan kujerar shugaban jami'a. Bisa ga abin da na saba gani, ya kamata a ce injiniyan da ke cikinsa ya daɗe da mutuwa. Amma a cikin waɗannan shekarun ne ya yi aikin injiniya mafi nauyi a rayuwarsa.

Kogin Padma shi ne Ganges bayan ya shiga Bangladesh, kuma a ƙasa da inda ya haɗu da kogin Jamuna ruwan da yake kwasowa lokacin ambaliya ya haura kubik mita 100,000 a kowane sakan. Kogi ne mai canza makwanci, ya cinye ƙauye a wannan gaɓa ya haifi tsibiri a waccan. Ya raba gundumomi 21 na kudu maso yamma da babban birni. Kafin a gina gadar, mota sai ta yi awoyi tana jiran jirgin fito a mashigar Mawa, in hazo ya sauka ko ruwa ya yi ƙarfi sai a kwana. Marasa lafiya sun cika a cikin motar asibiti a kan layi. A Agustan 2014 wani jirgin fasinja ya kife a wajen, mutane da dama suka halaka.

Choudhury ya riga ya jagoranci ƙwararrun gida a aikin gadar Jamuna mai tsawon kilomita 4.8, wadda aka buɗe a 1998. Da aka zo Padma sai aka ba shi shugabancin kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa, mai mutanen gida da na waje, wanda duk wata babbar shawara ta fasaha sai ta bi ta gabansa. A 2012 Bankin Duniya ya soke rancen dala biliyan 1.2 bisa zargin an ƙulla cin hanci, sauran masu ba da rance suka bi sahu. Daga baya, a 2017, wata kotu a Kanada ta sallami waɗanda aka gurfanar. Gwamnati ta ce za ta gina da kuɗinta, kuma aikin ya lashe sama da biliyan 300 na taka, kuɗin ƙasar. Ku lura da abin da wannan ke nufi ga kwamitin. In mai ba da rance ya tafi, idonsa ma ya tafi da shi. Nauyin sa ido a kan ingancin aikin sai ya ƙaru a wuyan waɗannan dattawa.

Tsarin gadar shi ne ginshiƙai 42, gaɓoɓin ƙarfe 41, kowace gaɓa mita 150, jimilla kilomita 6.15, motoci a sama, jirgin ƙasa a ƙasa. Abin da ido ke gani ke nan. Abin da ido ba ya gani shi ne ainihin gadar. A ƙarƙashin Padma babu dutsen da za a dasa harsashi a kai, yashi ne da laka har iya inda za ka haƙa. Ga shi kuma ruwan yana ƙwaƙule gindinsa, ta yadda a babbar ambaliya zai iya kwashe yashi mai zurfin gomman mitoci daga kewayen ginshiƙi. Ma'ana, saman turken da ka kafa wata rana zai tsaya tsirara cikin ruwa, ƙasansa kaɗai ke riƙe. Shi ya sa aka yi amfani da turakun ƙarfe masu faɗin mita 3, ana buga su a karkace da manyan gudumomin da aka kawo daga Jamus, wasu tsawonsu ya haura mita 120. Ka ɗauki bene mai hawa 40 ka kifa shi cikin ƙasa, kwatancin ke nan.

Turke yana ɗaukar kaya ta hanya biyu: ƙasar da ta rungume jikinsa, da ƙasar da ƙafarsa ta taka. An zana kowane ginshiƙi na cikin ruwa da turaku shida. Ana cikin aiki, da aka yi gwajin ƙasa a daidai mazaunin kowane ginshiƙi, sai aka tarar da shimfiɗar yumɓu mai laushi can ƙasa, a daidai inda ƙafar wasu turakun za ta tsaya. Wanda ya taɓa taka yumɓu bayan ruwan sama ya san sauran bayanin. Yumɓu ba ya nutsewa yau, a hankali yake yi, shekara da shekaru. Gadar za ta tsaya ranar buɗewa, a yi tafi, a ɗauki hoto. Abin da zai biyo baya sai bayan duk masu sa hannu sun bar ofis.

Ina roƙon mai karatu ya tsaya ya auna nauyin da ke wuyan mutanen nan. Gadar ta zama maganar mutuncin ƙasa, an yi alƙawarin ranar gamawa, 'yan adawa na jira, jaridu na ƙirga kwanaki, injinan haya na cin kuɗi ko sun yi aiki ko ba su yi ba. Ni kaina na taɓa tsayawa a kan wani ƙaramin gini, sakamakon gwajin kankare ya fito ƙasa da yadda ya kamata, mai aikin yana tsaye a kaina yana cewa in sa hannu a wuce, ai bambancin kaɗan ne. Na ƙi, kuma ba a sake kirana aiki a wurin ba. Kwana biyu ban yi barci ba a kan gini mai hawa ɗaya. To ina ga gadar da ƙasa guda ta zuba wa ido?

Aikin waɗannan ginshiƙai ya tsaya fiye da shekara. Aka yi ta gwaji, aka nemi ra'ayin masana daga waje, aka sake zane. A ƙarshe ginshiƙai 22 aka ƙara musu turke na bakwai, a wasunsu kuma aka yi dabarar ɗura ruwan siminti mai laushi ta wasu hanyoyi a jikin turken, ya ratsa yashin da ke kewaye ya ƙara masa riƙo. In ka lissafa, cikin ginshiƙai 40 da ke cikin ruwa, 18 masu shida da 22 masu bakwai, turaku 262 ke nan a cikin kogin. Wannan adadi na 262 nakan rubuta shi a allo in tambayi ɗalibai me ya sa bai zama 240 ba. Bambancin 22 ɗin nan shi ne wurin da wasu mutane suka ce ba za mu wuce ba sai mun gane.

A nan ne na ga amsar da nake son ba malamina. A fahimtata, ba duk da kujerar ya iya wannan ba, kuma ba saboda ita ba. Abin da ya faru shi ne bai taɓa barin kujerar ta zama sana'arsa ba. Da a ce ya shafe shekara goma bai buɗe rahoton gwajin ƙasa ba, ranar da aka kawo masa na Padma da sai dai ya dubi fuskokin mutane ya bi wanda ya fi ɗaga murya. Da kuma a ce bai taɓa shugabantar mutane ba, bai san yadda ake zama da minista da ɗan kwangila da baƙon masani a tebur ɗaya ba, da iliminsa ya tsaya a cikin fayil. Jami'ar ma ta ci riba. Ɗalibin da ya san shugaban makarantarsa daga bakin kogi ya dawo, da wani ido yake kallon karatunsa.

Akwai abin da ke damuna a labarin, ba zan ɓoye ba. Gadar Jamuna shi, Padma shi, ramin da aka haƙa ƙarƙashin kogin Karnaphuli shi, ga jami'a, ga kwamitoci ba iyaka. In ƙasa ta saba da kiran mutum ɗaya a kowace matsala, akwai haɗarin na bayansa su tsufa ba su taɓa ɗaukar kaya ba. Na sha ganin haka a ƙananan wurare, dattijo nagari ya riƙe komai da kyakkyawar niyya, ranar da ya kwanta a rasa mai buɗe ƙofa. Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali shi ne, da ya rasu, abokin aikinsa na BUET Farfesa Shamim Bosunia ya karɓi kwamitin, aiki bai tsaya ba. Sannan akwai yaran lissafi. Daga 2003 har rasuwarsa shi ya shugabanci kwamitin gasar lissafi ta 'yan makaranta, wadda ake zagaya gundumomi da ita. Bangladesh ta fara zuwa gasar duniya a 2005, ta ci zinarenta na farko a 2018. Mutumin da ke da gadar biliyoyi a wuyansa ya ga bai fi ƙarfin tsayawa a filin makaranta yana amsa tambayoyin 'yan shekara 12 ba.

Ƙasarsa ta ba shi lambar Ekushey Padak a 2017, ta naɗa shi Farfesan Ƙasa a 2018, Japan ma ta karrama shi a shekarar. An ɗora gaɓar farko ta gadar ranar 30 ga Satumban 2017, yana raye. Ya rasu da ciwon zuciya cikin dare, ranar 28 ga Afrilun 2020, a kwanakin farko na azumi, lokacin da annobar korona ta kulle gari, ta hana dubban ɗalibansa taruwa su raka shi. Sati uku bayan nan guguwar Amphan ta iso, mutane suka cika mafakun. An ɗora gaɓa ta 41 ranar 10 ga Disamban wannan shekara, gaɓoɓin kogin biyu suka haɗu. Aka buɗe gadar ranar 25 ga Yunin 2022. Na kalli bikin a wayata, ina ta duban ruwan da ke ƙasan ginshiƙan, ba tutocin da ke sama ba. Allah ya jiƙansa, ya sa abin da ya bari ya zame masa sadaka mai gudana.

Jiya da yamma na sake kiran malamina. Na gaya masa zan karɓa, amma na rubuta sharuɗɗa biyu a amsata: darasin lissafin gine-gine na 'yan aji huɗu yana nan a hannuna, kuma ranar Laraba daga safe zuwa azahar ina ɗakin gwaji, ba taro, ba baƙo. Ya ce, "Za su amince a takarda, ɗana. Wata na uku ne za ka san ko kai ka amince." Na ce, "In Allah ya yarda, ranka ya daɗe. In ka ji na fasa Laraba biyu a jere, ka kira ni ka yi mini faɗa." Ya ce zai kira.

Na ɗage guntun kankaren, na sa hannu, na kai wasiƙar da kaina. A hanyar dawowa na biya ta wajen mai kwafi da tsohuwar takardar nan ta 1967, na ce ya fitar mini guda 60, ya ƙara baƙi don layukan su fito. Ajin Litinin da ƙarfe takwas ne.